A Ƙarƙashin Sunan Mai Agogo

"Ba za ka shigar masa da takardar nan ba," in ji Malama, ta tokare ƙofar ɗakin da hannu. "Mutum na fama da ransa, kai kana fama da tarihi."

"Tambaya ɗaya ce."

"Shekara talatin gaisuwarka ba ta wuce ta kan katanga. Yau ka tashi da tambaya?"

Kafinta ya san gaskiya ta faɗa. Tun ranar da ya aika neman aurenta, mahaifinta, mai gyaran agogon da suke katanga ɗaya, ya ce a'a ba tare da dalili ba, bai sake taka tsakar gidan nan ba. Ta yi aurenta, ya yi nasa, haushin dai ya zauna daram.

Wata uku ke nan yana zarya ɗakin ajiyar tsofaffin takardun kotu, yana neman labarin mahaifinsa da ya rasu ya bar shi yana ɗan shekara huɗu. Gwaggon da ta rene shi ta tafi da bakinta a rufe. Bai samu komai ba, sai da wani tsohon akawu ya ji tausayinsa. "Ai ba da sunan mamaci ake jera marayu ba," ya ce. "Da sunan wanda aka ba riƙo ne." Suka bi littafin shekarar shafi-shafi, sai ga sunan mai agogo. A ƙasa, yara biyu: namiji, shekara huɗu, mace, wata takwas. Shi kuwa ko a mafarki bai taɓa jin yana da ƙanwa ba. Akawun ya kwafe masa shafin a takarda.

"Bar shi ya shigo," aka ce daga ciki, da murya kamar ta fito daga rijiya. "Je ki ɗora mini ruwan zafi."

Ta harare shi ta wuce.

Ɗakin na warin man zafi. Agoguna bakwai a bango, kowanne da lokacinsa. Tsohon ya zama ƙashi da fata a kan gado, tabarau ɗin aikinsa na gefen matashi.

"Sannu, Baba."

"Kafinta. Ka yi furfura ba ka sanar da ni ba."

Ya durƙusa ya karanta masa takardar. Tsohon ya saurara ido a lumshe, kamar mai sauraron agogon da aka kawo gyara.

"Biyu alƙali ya ba ni," ya ce. "Mahaifinka abokina ne. Gwaggonka ta ce ɗaya za ta iya, ta ɗauki namijin. Na kama mata gidan nan na kusa don idona ya zauna a kanka."

"Macen fa?"

A tsakar gida murfin tukunya ya faɗi, Malama ta yi tsaki. Tsohon ya juya kai wajen ƙarar, ya daɗe a haka.

"Matata ba ta taɓa haihuwa ba," ya ce.

Kafinta ya zauna a ƙasa sosai.

"Shi ya sa ka hana ni."

"Na yi wa matata alkawari yarinyar ba za ta ji daga bakina ba. Ka ji haushina, na ce gara haka. Haushi ba ya kisa."

"To yanzu ya zan yi, Baba?"

"Riƙona ya ƙare. Takarda tana hannunka."

Ruwan zafin ya zo, tsohon bai sha ba. Bayan azahar kaɗan, Malama na riƙe da hannunsa, ya cika.

Kafinta ne ya rufe masa ido, ya ja mayafi, ya fito ya aika a sanar da maƙwabta. Kafin mutane su taru, ya tarar da ita zaune a kan dakalin ƙofar ɗakin, takalmi ɗaya a ƙafa, tana kallon hannunta. Ba ta kuka. Ya zauna a ɗaya gefen, takardar a ninke cikin aljihun rigarsa, gefenta na sukar ƙirjinsa.

"Ba ni da kowa yanzu," ta ce, ba da shi take ba.

Can ta juyo ta dube shi.

"Wai me ya ce maka?"