Karen da Ruwan Binuwai Ya Kawo

Shekarar da Binuwai ya tumbatsa ya cinye rabin unguwar Wurukum a Makurdi, Mama Kwaghdoo ta rasa rumfarta ta sakwara, ta samu wani jan kare. Masu kwalekwale ne suka ciro shi daga kan rufin wani banɗaki, jiƙe sharkaf, ƙafar baya a karye, suka ajiye shi a ƙofar makarantar da aka tsugunar da mutane. Kowa ta kansa yake yi. Ita ta miƙa masa kan kifi, shi ke nan ya liƙe mata.

Ba ta yi niyyar riƙe shi ba. Ta kai shi wajen Dakta Sewuese, likitar dabbobin da ke tattara karnuka da kuliyoyin da ruwa ya raba da masu su. Likitar ta ɗaure ƙafar, ta ɗauki hotonsa ta manna a bango cikin sauran, sannan ta ce wuri ya cika, ko Mama za ta taimaka ta riƙe shi mako biyu.

Mako biyu ya zama wata takwas. Kwaghdoo ta sake kafa rumfa, ta sa masa suna Msugh, wato na gode. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya yana Fatakwal, sai Kirsimeti take ganinsa. Yanzu kuwa in ta dawo gida akwai wanda za ta yi wa mita.

Direbobin da ke cin abinci wajenta sukan tsokane ta. "Mama, wannan sabon maigidan naki ko itace ba ya faskara miki?"

"Ya fi ka hankali, Aondona. Ka taɓa ganinsa da ƙwaryar burkutu da sassafe?"

Wata Talata tana cikin feraye doya likitar ta kira. "Mama, wani ya gane hoton. Yana nan zaune."

A hanya ta shirya abin da za ta faɗa tsaf. Jajayen karnuka sun cika Makurdi. Ina shaida? Ina yake duk watannin nan?

Wani tsoho ta tarar a kan benci, ramamme, da zane mai ratsin baƙi da fari a kafaɗa, 'yarsa na tsaye a gefe. Baba Terkimbi sunansa. Bai ko gaishe ta ba, idonsa na kan karen.

"Kofur," in ji shi, yana kiran karen da tsohon sunansa.

Karen ya fizge igiyar daga hannunta. Ya faɗa jikin tsohon yana kuka kamar jariri, yana lasar hannunsa da gemunsa. Can sai ya sauka, ya zagaya bayan benci yana shinshina, ya ruga ƙofa ya leƙa titi, ya dawo, ya sake komawa ƙofar.

"Me yake nema?" Kwaghdoo ta tambaya.

'Yar ce ta amsa. "Mamarmu. Ran da ruwan ya shigo har sun fito, sai ta tuna yana ɗaure a bayan gida. Ta koma kwance shi. Bayan kwana uku aka samu gawarta. Tun daga nan Baba yake wajena a Gboko, ko sunan garin nan ba ya son ji. Shekaranjiya na ga hoton a waya."

"Ashe ta kwance shi," tsohon ya ce. "Duk watannin nan ban sani ba ko ta kai gare shi."

Maganganun da Kwaghdoo ta shirya suka bi iska. Tsohon ya dube ta, ya dubi yadda karen ya yi ɓul-ɓul, ya gane.

"'Yar'uwa, kin sha wahalarsa. In kin ce za ki riƙe shi, ba ni da bakin magana."

Ta so ta ce to. Har bakinta ya buɗe.

"Baba, tafi da abinka," ta ce. "Amma kada a sa masa barkono a abinci. In hadari ya haɗo ƙafar nan takan dame shi, a gasa masa da ruwan ɗumi."

Da aka buɗe motar da suka zo da ita, karen ya shiga da kansa. Sai da motar ta tashi ya gane ba da Kwaghdoo za a tafi ba, ya hau kujerar baya yana karce gilashi.

Likitar ta ce akwai wata ƙaramar karya da ba wanda ya zo nema, ko tana so. Kwaghdoo ta girgiza kai. Ba ta hau babur ba, da ƙafa ta kama hanya. Daf da shataletalen Wurukum ta zauna a kan kwalbati ta rufe fuska da gefen zani. Wata mai lemo da ba ta san ta ba ta matso da tirenta ta zauna kusa da ita.