Hanta Ko Gona

Safiyar farko da Filsan ta wayi gari a Gabiley, kalma ɗaya tak ta faɗa, ta ɓata wa gida guda rai.

Filsan 'yar marigayi Guled ce, wanda ya bar garin nan tun yana saurayi, ya je Oslo ya yi ta tuƙa bas har Allah ya karɓi abinsa a can. Ya yi wa 'yarsa gata ta kowace fuska, sai dai bai ba ta harshenmu ba. Wai kada ya rikita mata karatu. Bayan rasuwarsa ta tattaro ta zo ganin kakarta, Ayeyo Timiro, da 'yan kalmomin Somali da ta haddace a jirgi, waɗanda ba za su cika cokalin shayi ba.

Ana zaune a tsakar gida. Eddo Awo, ƙanwar ubanta, tana gasa lahoh, wainar garin nan, a kasko, albasa na ƙamshi a mai. Ayeyo na kan tabarma da carbinta, ido ya yi rauni amma kunne garau. Ader Warfa kuwa, wan ubanta, wanda shi ke noma gonar gidan tun tafiyar Guled, ya zauna ya haɗe rai. Tun kafin yarinyar ta iso abokan shan shayinsa suka cika masa kunne, wai 'yan waje ba sa zuwa a banza, ƙasa suke zuwa yanka. Bai yi wani kwana-kwana ba, ya dube ta ya ce, "Me kike so?"

Daɗi ya kama Filsan, don wannan tambaya tana cikin abin da ta haddace. Ga wuta, ga kasko, ai karin kumallo ake nufi. Ta tuna ubanta, yadda yakan lumshe ido in yana ba ta labarin soyayyar hanta da albasa ta hannun uwarsa. Ta yi murmushi ta ce, "Ber?"

To, a nan gizo ya yi saƙar. Kalmar nan, in ka ja ta ka sauke murya, hanta ce. In ka ja ta ka ɗaga murya, gona ce. Yaron da ko wando bai fara sawa ba ya san haka. Filsan kuwa muryarta sama ta yi, irin ta mai shakkar kansa.

Kowa ya juyo ya dube ta. Ader Warfa ya ajiye kofinsa. "Kun ji ko? Ko takalmi ba ta cire ba." Ya miƙe ya fice. Ayeyo ta juya fuska wajen bango, ta ci gaba da jan carbi. Filsan ba ta gane komai ba, amma hantarta ta kaɗa.

Sai da rana ta take aka samo wani maƙwabci mai jin Turanci ya warware mata abin da ta faɗa. Ta kama kai, ta rantse, ta roƙe shi ya je ya yi bayani. Ya je. Ader Warfa ya ce ai dole ta canza magana tunda ta ga fuskoki. Ayeyo kuma ko barin mutumin ya ƙarasa ba ta yi ba.

"Ɗan nan, koma gida, na gode. Jikata ba ta magana da ni da bakin aro. In tana da abin faɗa, ta faɗa da nata. In ba ta da shi, hanyar da ta kawo ta tana nan."

Daga ranar abinci ake kai wa Filsan ɗaki kamar baƙuwa. In ta gaishe da tsohuwar, sai ta amsa a taƙaice, ba ta ko kama sunanta. Abin ya yi wa Filsan ciwo ƙwarai, don ba ta keto duniya domin ta ga duwatsu da awaki ba. Uwar ubanta ta zo nema, ga ta kusa, ga ranar komawa tana matsowa.

Eddo Awo ce kaɗai ta ɗauki abin da dariya. Ita madara take sayarwa a kasuwa, bakinta kuwa ya fi wuƙar mahauta kaifi. Wata safiya ta leƙo ɗakin ta jefa wa Filsan gyale. "Tashi. Kuka bai taɓa koya wa kowa magana ba."

A gefen jarkokin madara aka buɗe makaranta. Eddo ta nuna madara, ta faɗi sunanta, Filsan ta maimaita, matan layi su fashe da dariya. Harafin farko na kalmar daga can ƙasan maƙogwaro yake fitowa, ita kuwa daga leɓe take tsinko shi.

"Ke, ba busa shayi na ce ki yi ba! Matse nan." Eddo ta kama mata wuya da yatsu biyu. "Kin taɓa jin raƙumi ana ɗora masa kaya? To, haka."

Filsan ta yi gurnani, wata tsohuwa mai sayar da tumatir ta ce a taimaka, baƙuwar Turai za ta yi amai. Da fari in aka yi mata dariya sai ta sunkuyar da kai. Da tafiya ta yi tafiya ta fara ramawa. Ta koyi sunan dawa da masara da gishiri, ta koyi gaisuwar safe da ta yamma, ta koyi cewa "ya yi tsada" tun kafin ta iya ƙirga kuɗin. Maƙogwaronta ya yi ta zafi kamar mai mura, ba ta fasa ba. Har gidajen maƙwabta aka san muryarta, tana wanki tana ta maimaita kalmomi ita kaɗai.

Kalmar nan guda dai ta ƙi. Kullum Eddo sai ta aike ta wajen Dahabo mai nama ta sayo hanta, kullum Dahabo sai ta riƙe ƙugu ta ɗaga murya yadda duk rumfa za ta ji: "Jama'a, ga mai sayen gonar nan ta dawo! 'Yata, ni akuya nake yankawa, ba ni da ko taki ɗaya na ƙasa."

Ran nan Filsan ta dawo hannu wofi, ido ya yi ja. Ta haɗa 'yan kalmominta ta ce wa Eddo kunnenta ne ba ya jin bambancin.

"Ƙarya kike yi, kunnenki lafiya lau," in ji Eddo. "Tsoro ne. Duk abin da za ki faɗa sai ki ɗaga shi sama kamar mai roƙon a bar ta ta shigo. Wa kike neman izininsa? Garin ubanki ne. Sauke muryarki ƙasa, ki zauna a kanta."

Filsan ta share idonta. Sannan ta juya ta koma rumfar nama ba tare da an aike ta ba. Ta tsaya gaban Dahabo, ta dube ta ido cikin ido, ta faɗi kalmar, murya ta sauko ta dire. Dahabo ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, sai ta tsaya. Ta ɗauki wuƙa ta yanko hanta mai kyau, har da gyara.

Washegari Filsan ta riga kowa zuwa murhu. Ta soya hantar da albasa, Eddo na tsaye a kanta tana mita wai wuta ta yi yawa. Ta ɗauko farantin da kanta ta ajiye gaban Ayeyo, ta durƙusa. Ader Warfa na gefe da shayinsa.

Ta yi gaisuwa cikakkiya. Sannan ta fara, a hankali, kalma bayan kalma. "Ayeyo, ni Filsan ce, 'yar Guled, ɗan Timiro. Gona ta Ader ce. Shi ya sha ranarta. Ban zo don ita ba." Da ta zo kan kalmar gona ta ɗaga murya daidai inda ake ɗagawa. Maganar da gargada, ta yi tuntuɓe a wuri biyu, amma babu bakin kowa a ciki sai nata.

Carbi ya tsaya a hannun tsohuwa. Ta karkato kunne. "To, me kike so?"

"Ber," in ji Filsan. Murya ta sauko ƙasa, ba rawa.

Ader Warfa ya yi gyaran murya, kunya ta kama shi. Ya tura farantin wajenta. "Ga ta nan, ci abinki, 'yar ƙanena."

"Ba wannan ba, Ader."

Ta miƙa hannu ta ɗora a gefen cikin kakarta na dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Mu nan in uwa ta ce ɗanta ya taɓa mata rai, wurin take dafawa, don a hanta son jini yake zama. Babu wanda ya koya wa Filsan wannan a kasuwa. Ubanta ta sha gani yana dafa wurin duk lokacin da ya ambaci uwarsa.

Eddo Awo, mai bakin nan, ta ja gyale ta rufe fuska. Ayeyo ta danne hannun yarinyar da nata biyu, ta riƙe gam, hawaye na bin kumatunta.

"Tun ranar da ubanki ya tafi take ciwo," ta ce. "Ɗauki, taki ce."

Sai kuma ta share ido da bakin mayafi, ta ɗaga kai, ta juya wajen ɗanta da muryarta ta da, wadda ake ji har bayan katanga.

"Warfa, tashi ka je ka gaya wa masu shayin naka. Ka ce 'yar Guled ta yi magana, kuma da bakinta ta yi."