Lahadin Godiyar Ƙauna

Tun muna firamare a Muchia hannun Ƙauna ke ɗiga. Ba zufa irin ta kowa ba ce, idan ta riƙe takarda sai ta jiƙe kamar an tsoma ta a kwano. Da ta samu aikin buga wa ɗalibai takardu a Samaru, da tawul a cinya take yini, marasa kunyar nan kuwa suka laƙaba mata suna Famfo. A coci idan lokacin gaisawa hannu da hannu ya yi, sai ta sunkuya tana gyara takalmin da ba abin da ya same shi.

Mu 'yan zumuntar matan coci muka tsaya mata a 2006, har aka kai ta wani asibiti a Legas, aka yanke jijiyar da ke sa tafin hannu zufa. Ta dawo hannu a bushe ƙamas. Muka yi ta shafawa muna Haleluya.

Daga nan ta ɗauke ƙafa. Da na ga an yi wata biyu, na bi ta gida. Na tarar da ita a ɗaki da ɗaurin ƙirji, riguna huɗu a shanye a igiya.

"Lucia, ruwan nan bai tafi ba, wuri ya sake," in ji ta. Ta juya mini baya, zufa na gangarowa har ƙugu. "Na bar aiki. Ko a bas na tashi, sai an gane inda na zauna. A da hannu ne kawai, ina cusa shi cikin gyale. Likita ya ce abin da aka yanke ba ya komawa."

Tausayi ya kama ni. Ga shi Mama Susanna, shugabar zumuntarmu, ta riga ta sa ranar godiya, har an ɗinka anko.

"Zan je, amma gaskiya zan faɗa," Ƙauna ta ce. "Addu'a nake so, ba guɗa ba. Za ki tsaya mini?"

Na ce ko kowa ya gudu, ina nan.

Ranar Lahadi muka rako ta gaba da waƙa, muka jeru a bayanta yadda muka saba yi wa mai ba da shaida. Jama'a na ganin fuskarta, mu muna ganin bayanta. Kafin a miƙa mata makirfo, rigar ta manne mata, shuɗin ankon ya koma baƙi.

"Na gode wa Allah, na gode muku," ta fara. "Amma akwai abin da…"

Mama Susanna ta yi wuf ta yafa mata gyale a baya, ta kama hannayenta biyu ta ɗaga sama.

"Jama'a, ku ga aikin Ubangiji!" Sannan ta ce mata ƙasa-ƙasa, na ji da kunnena: "Ba yau ba, 'yata. Kada ki kashe wa mutane gwiwa."

Masu kiɗa sun ɗaga hannu suna jira. Ƙauna ta waiwayo, ta nemo ni da ido.

Ni kuwa, Allah Ya gafarta mini, na toshe hanci na rangaɗa guɗa.