Mai Ƙanƙara a Ƙofar Filin Wasa

Maganar ta iso mini ne daga bakin surukata, matar babban ɗana, tana cikin shafa wa jikata magani a bayan cinya. Wai matar nan da ke sayar da ƙanƙara mai zaƙi a ƙofar filin wasan yara ita ke sa wa yaran unguwa ciwo. Wasu sun ce da ruwan kwata take haɗawa. Wasu sun ce wani gari take barbaɗawa don yara su riƙa kukan a saya musu. Kwamitin iyaye zai zauna ranar hutun ƙarshen mako a kore ta.

Na tambaye ta wa ya gani da idonsa. Ta ce kowa ya sani.

"Kowa ɗan wane gida ne? A kira mini shi," na ce.

"Mama, ruwa dai ba ya tsami banza."

Na ce haka ne, amma sau da yawa wanda aka kama a bakin randa ba shi ya tsoma hannu ba. Ta ci gaba da shafa maganinta.

Na daɗe ina koyar da kimiyya kafin in yi ritaya, har ɗalibai suka laƙaba mini Malama Ina-hujja, sunan kuma ya bi ni har tsufa. Don haka na ɗaga rigar yarinyar na duba da kaina. Takwarata ce, sunana aka sa mata, kuma ba ta da wani wurin sakewa sai wannan fili, domin gidanmu ɗaki ne da baranda, titinmu kuwa motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Ƙuraje ne jajaye, wasu sun yi ruwa, a bayan cinyoyi da tafin hannu kawai. Cikinta da bayanta da wuyanta sumul. Ta yi amai ranar da abin ya fara, gaskiya ne, kuma ta sha ƙanƙarar. Amma ban taɓa jin abin da aka haɗiye ya zagaya ya zaɓi bayan cinya ba.

Filin ba wani babba ba ne. Bishiyoyi ne masu inuwa, da benci, da yashi, da lilo, da dogon katakon nan da yara biyu ke hawa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Da yamma iyaye kan shimfiɗa tabarma su buɗe kwanukan abinci. Yanzu tabarmin sun ragu, waɗanda suka zo ɗin ma sai su ja hannun yaransu su ratsa ta gefe, kada su gifta gaban kular ƙanƙarar matar.

Na tsaya a gabanta na ce ta ba ni guda. Ta dube ni kamar na zo da 'yan sanda.

"Ke za ki sha, Iya, ko kaiwa za ki yi a gwada?"

"Ni zan sha. Haƙoran da suka rage mini ba su da wani aiki."

Kwana da kwanaki ina zuwa ina sha, ja da ruwan ɗorawa da kore, ban bar ko kala ɗaya ba. Abin da na samu shi ne tsamin haƙori da dariyar maigadin filin. Rannan na roƙi matar in bi ta gida. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon ɗinki, ita da 'ya'yanta, mijin ya rasu. Na ga tukunyar da take tafasa ruwa, na ga matacin, na ga firjin da ya cinye rabin ɗakin. 'Ya'yanta ke shanye duk wadda ta fashe, kullum, kuma jikinsu ko ƙwarzane babu. Ta ce ba ta barinsu shiga filin, kada a ce 'ya'yan mai talla sun tare wa masu gida lilo. Ta kuma ce in aka tashe ta daga ƙofar nan ba ta san inda za ta ajiye kular ba, domin bakin makaranta da bakin kasuwa duk da masu su. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da ɗaure leda tana magana, kamar labarin wata take ba ni.

Daga nan na koma zaman benci ina kallon yara, ba bakinsu ba, ƙafafunsu. Masu dogon wando lafiyarsu lau, sai dai wani lokaci a hannu. Masu gajeren wando da 'yan mata masu guntun siket su ke tafiya suna susa. Akwai wani yaro da uwarsa ba ta taɓa saya masa ko alewa ba saboda tsabar tsantseni, shi ma cinyarsa ta yi jawur. Na faɗa wa uwar haka, ta ce ai wataƙila wani ya sam masa a ɓoye. Mutum in ya riga ya yanke hukunci, ko shaida ta zo da ƙafarta sai ya ce ɓatan hanya ta yi.

Wata rana da tsakar rana, filin babu kowa, na tattara zanena na hau lilon. Maigadi ya leƙo ya ce, "Malama, a turo ki ne?" Na ce ya ji da ƙofarsa. Katakon ya ɗau zafi, yana wani naso kamar gumi. Da na sauka, farin zanena ya yi baƙin shati, faɗin mazaunin lilon daidai. Na kai hanci. Warin ya kasu biyu: ɗaya mai hawa kai, irin na maganin ƙwari; ɗayan kuwa na san shi kamar yadda na san muryata, domin na sha wanke shi daga kayan ɗana tun yana koyon aiki. Na naɗe hannun riga na ɗora damtsena a kan katakon na ɗan jima. Kafin magariba wurin ya tashi, yana ƙaiƙayi kamar an zuba barkono.

Sai sauran ya warware da kansa. Yaro ya riƙe katakon nan da hannu, ya sauko da gudu, a miƙa masa ƙanƙara, ya damƙe ledar da wannan hannun ya kai baki yana tsotsa. In ya yi amai, me uwa za ta tuna? Abin da ta ga ya sha.

Ɗana makaniki ne, unguwa na kiransa Injiniya, kuma shi ne shugaban kwamitin iyaye. Watannin baya gara ta cinye tsohon katakon lilon, ya karye da wata yarinya har ta fasa haɓa. Shi ya sayo sabon katako, ya ɗaura da hannunsa, bai karɓi ko sisi ba. An yi ta sa masa albarka, ni ma na taya, na kuma ji daɗi a raina.

Na same shi a gareji, rabin jikinsa a ƙarƙashin wata mota. Na tambaye shi me ya shafa wa katakon. Ya fito yana goge hannu, fuskarsa a sake, yana zaton yabo na kawo. Ya nuna mini gwangwanin a bayan tayoyi: baƙin man da ake juyewa daga inji, ya haɗa da maganin gara, bai ma sirka ba don ya yi ƙarfi. Ya ce haka suke yi wa katakon rufi da bencin gareji, gara ko ta kusa ba ta zuwa. Kuma duk bayan 'yan makonni yakan biya da sassafe ya ƙara shafawa, kada aikin ya lalace.

Na nuna masa damtsena. Na nuna masa zanen, da na naɗo a jaka.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce su kullum hannunsu cikin man nan yake. Na ce hannunsa ya zama fatar ganga, ba cinyar 'yarsa ba ce; kuma ba a zama a kan rufin ɗaki da gajeren wando. Ya zauna a kan taya. Na ga ya gane, domin kunnuwansa sun yi irin abin da suke yi tun yana yaro in ya fasa kofi.

"Mama, ki rufa mini asiri. Gobe da sassafe zan cire katakon, in sa wani. Ba wanda zai sani."

"Ita kuma matar?"

"Ta ɗan matsa na wani lokaci. In ƙura ta lafa ni da kaina zan dawo da ita."

"In ka canja katako aka kore ta, yara suka warke, me unguwa za ta ce ya warkar da su?"

Ya ce rabin motocin da ke garejin nan na iyayen yaran ne, kuma akwai wanda ɗansa ya kwana asibiti. Ya ce ni na haife shi. Na ce ban manta ba, ina wurin. Na ba shi zaɓi ya faɗa da bakinsa, zai fi masa sauƙi a wurin mutane. Ya ce zai yi tunani. A gida surukata ta ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba, takwarata kuma tana ta tambaya yaushe za a koma lilo.

Ranar zaman aka jera benci a ƙarƙashin bishiya. Na lura an sa sabon katako a lilon, fari tas, ba wanda ya kula. Mai ƙanƙara tana tsaye daga bakin ƙofa, hannunta a kan murfin kula, ba a ce ta shigo ba. Aka yi ta magana. Ɗana yana zaune a gaba, yana kallon ƙasa. Na jira shi har aka ce masu goyon bayan a tashe ta su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Nasa bai tashi ba, bakinsa kuma bai buɗe ba.

Na miƙe da ƙyar, na warware zanen a gabansu, na naɗe hannun rigata.

"Ƙanƙarar matar nan lafiyarta lau, na sha ta fiye da kowane yaro a nan," na ce. "Katakon lilo ne ya ƙone 'ya'yanku. An shafa masa baƙin mai da maganin gara. Ɗana ne ya shafa."