Askin Sukkar

"Wa ya ce ka jiƙa shi? Injiniya, wa ya ce ka jiƙa shi?"

Nuru ya ɗago daga kan bahon roba, kumfa har gwiwar hannu, ya ga Baba Mamane tsaye a ƙofar ɗakinsa, ya dafa bango yana haki. A cikin bahon kuwa Sukkar, ɗan farin karen nan mai gashi buzu-buzu, sai karkarwa yake kamar tsumman da aka manta a bokiti.

"Baba, ba aski za mu yi masa ba? Ai sai an jiƙa."

"Kan mutum ke nan! Wanzami na jiƙa kai don aska ta bi. Wannan gashi in ya cukurkuɗe ka zuba mai ruwa, ƙara ƙullewa yake. A bushe ake tajewa tukuna. Kai, boko dai bai koya maku komi ba!"

Nuru ya yi tsuru-tsuru. Shi a ganinsa gwaninta ya yi, ya sauko da sassafe don ya rage aiki kafin tsohon ya tashi. Ga shi ya mayar da aikin awa biyu na yini guda.

Baba Mamane shi ne haris, wato mai gadin benen da su Nuru ke haya a unguwar Al-Suwaidi. Mutumin Maraɗi ne, shekararsa ashirin da shida a Riyad. Karen ba nasa ba ne tun asali. Wasu 'yan haya ne a hawa na biyu suka tattara suka koma ƙasarsu shekara uku da suka wuce, suka damƙa masa igiyar, suka ce za su aiko a ɗauka. Har yau ana aikowa. Shi kuwa tunda ya ce "na karɓa", magana ta ƙare. Duk bayan sati shida sai ya fito da kilifa bayan gida ya gyara shi tsaf, masu tsokanarsa da "Baba mai kare" suna yi yana dariya.

Bana ciwon zuciya ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura, hannu ya soma rawa, wata uku kilifa na ajiye. Kaltume matar Nuru, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta yi magiyar duniya a kwantar da shi asibiti, ya ce sam. Ya san ranar da ya bar ɗakin nan, ranar mai gida zai sa a kaɗa karen titi, kuma karen da ya tashi a cikin ɗaki ba zai kwana biyu a ranar Riyad ba. Da kyar Kaltume ta samo wata likitar yara a wurin aikinsu mai gida da fili, ta ce za ta zo yau Juma'a bayan la'asar ta gani. In yana da tsabta, fatarsa lafiya, za ta ɗauka. In ba ta ɗauka ba, Baba ba zai je asibiti ba, kuma Kaltume ta gaya wa mijinta a asirce cewa kwanakin da ake da su ba su da yawa.

Matsalar ita ce Nuru da kare ba sa shan inuwa ɗaya, tun ranar da wani ya yage masa wando a Tudun Wadar Zariya yana aji uku. Mutum ne da ke ba ma'aikata tamanin umarni a wurin gini a Dir'iyya, amma ko haushi ya ji sai ya tsallaka titi. Sai dai ba shi da bakin ce wa Baba a'a. Ranar sunan 'yarsu Sumayyah ba su da kowa a garin nan. Kaltume ta sha kuka saboda mahaifiyarta ta tambaya a waya wa zai yi wa jaririya askin suna. Sai ga Baba ya hawo bene da sabuwar reza, ashe ɗan gidan wanzamai ne. Ya karɓi yarinyar a cinya, ya aske ta tas yana addu'a, ko kuka ba ta yi ba. Nuru bai taɓa mantawa da wannan safiyar ba.

Aka aro dirayar gashin Kaltume, aka busar da Sukkar. Baba ya zauna a kujerar roba yana ba da umarni kamar kafil, uban gidan ma'aikatan baƙi.

"Kama ƙullin daga gindi da yatsunka, kada ka ja mai fata. Shwayya shwayya, sannu-sannu. Wanda ya ƙi tajuwa ka bar ma kilifa."

Nuru ya kunna kilifa, ya ɗora a bayan karen.

"Bi kwanciyar gashin, kada ka tare shi. Kuma ba ƙwalƙwal za ka yi mai ba, ka bar abin da zai kare shi daga rana. Taɓa bakin ƙarfen a hannunka. Ya yi zafi? To kashe, shi ma fata gare shi."

Ana cikin haka Sukkar ya waiwayo ya lashe shi a wuyan hannu. Nuru ya yi tsalle har ya ture bahon.

"Innalillahi! Baba, ya lashe ni!"

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To mi ya ragu a jikinka? Godiya yake maka. Malamanmu na gida sun ce kare mai rai ba ƙazanta ba ne, kwanon da ya sa baki ake wankewa. Wanke hannunka ka dawo, Injiniya, rana na yi."

Da lokacin Juma'a ya yi, Nuru ya hau sama ya yi wanka ya sake kaya. Baba ya yunƙura zai bi shi masallaci, ƙafafu suka ƙi. Ya koma ya zauna, ya ce a yi masa addu'a. Abin ya taɓa zuciyar Nuru sosai, don tunda ya zo gidan bai taɓa riga tsohon shiga sahu ba.

Bayan an sauko suka koma cikin ɗakin Baba saboda zafi. Aka aske cikin karen da ƙafafunsa, aka rage farata kaɗan-kaɗan, don Baba ya ce wurin da ya yi ja-ja akwai jini. Saura fuska. Nan Baba ya miƙo hannu ya karɓi almakashi, ya ce wannan nasa ne. Ya kai shi kusa da idon karen, bakin almakashin na ta kaɗawa. Ya daɗe a haka, sannan ya juya shi ya miƙa wa Nuru ta wajen mariƙi.

"Yi kai. Ni in riƙe mai haɓa."

Haka suka ƙarasa, tsoho na riƙe da haɓar yana yi wa karen magana ƙasa-ƙasa, Nuru na datsa gashin da ya rufe idanu. Aski dai ba a cewa komai: baya ya yi layi-layi, wutsiya ta tashi da tukku. Amma babu ƙulli ko ɗaya, kuma idanun Sukkar sun fito fes.

Likitar ta iso tare da Kaltume bayan la'asar. Ta durƙusa ta buɗe kunnuwa, ta duba hamata da tsakanin yatsu. Nuru ya matso yana leƙe. Can ta ɗago tana murmushi, ta tambaya da Larabci wane ne wanzamin.

"Almuhandis," in ji Baba, wato Injiniya, ya nuna Nuru. "Yau ya fara."

Ta ce ta ga alama, amma fatar lafiya lau, za ta tafi da shi. Baba ya miƙa mata jakar leda da mataji da kilifa a ciki, ya yi mata bayanin cewa karen yana tsoron ƙarar motar masu sayar da gas, kuma ba ya cin abinci in ana kallonsa. Bai raka su ƙofa ba. Sai da ƙarar motar ta ɓace ya juyo wajen Kaltume.

"To ɗiyata, khalas, an gama. Ina asibitin naku? Yalla, mu tafi."

Kwana uku ya yi a kwance. Ranar Litinin da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka yi masa salla bayan la'asar, mutanen Maraɗi da na Damagaram suka baro wuraren aikinsu da kayan aiki a jikinsu, Nuru na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi. Ya yi kuka, kuma ya gode wa Allah da tsohon bai tafi da nauyin kowa a wuyansa ba.

Ganinsu na ƙarshe yammacin Lahadi ne, lokacin ziyara. Likitar ta turo hoto: Sukkar kwance a kan ciyawa a inuwar dabino, ya miƙe ƙafafu. Nuru ya kara wa Baba wayar kusa da fuska. Tsohon ya janye robar numfashi daga bakinsa.

"Kunnen hagu ya fi na dama tsawo, Injiniya."

"Zan gyara, Baba."

"Bar shi. Allah shi yi maka albarka."

Ya mayar da robar, ya ci gaba da kallo. Duk sanda hasken wayar ya dushe, sai Nuru ya sa yatsa ya taɓa, hoton ya dawo. Yana ta yi har barci ya ɗauke tsohon.