Tonton Digbe da Sabuwar Lifta

A hawa na biyar suka ajiye kujerar don su sha iska. Maza huɗu ne, duk sun yi sharkaf da gumi. Tonton Digbe kuwa yana zaune a kan kujerar robar, ya rungume ledar magungunansa, kumburarrun ƙafafunsa suna lilo. Ni ina biye da su, riƙe da sandarsa da takardun asibiti.

"Ku da kuke share faranti biyu na acheken rogo kowace safiya," in ji shi, "tsoho ɗaya ne ya gagare ku?"

Suka yi dariya, shi ma ya yi, sai dai tasa ta ƙare da tari. Da aka kai shi ƙofarsa a hawa na takwas ya yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ya jira har ƙarar takalmansu ta yi nisa, sannan ya dube ni.

"Ahu, 'yata, yau aka gama ɗaukata kamar buhun doya. Ba za a sake ba."

Ranar kwana goma sha ɗaya ke nan da tsayawar liftar gidanmu.

Tsohon bene ne mai hawa tara a unguwar Ajame ta Abijan, kuma Tonton Digbe ya riga kowa zama a cikinsa. Ƙofarsa tana kallon tawa. Tun da matarsa ta rasu, duk ran da na yi miyar kwakwar manja sai na zuba masa. Shekara talatin ya yi yana gyaran lifta a manyan benayen Abijan kafin ya ajiye aiki, kuma shi ya riƙe tsohuwar liftarmu da rai.

Ba zan yi mata ƙarya ba, tsohuwar nan ba abar yabo ba ce. Ga gurnani, ga girgiza, ga shan wuta. Sau biyu tana tsayawa da ni tsakanin hawa da hawa, ɗaya ma ina da cikin wata takwas. Amma in ta tsaya sai a ƙwanƙwasa wa Tonton, ya hau ɗakin injin da akwatin kayan aikinsa, kafin ruwa ya tafasa a kan wuta ta tashi.

Bara ne Karamoko, shugaban ƙungiyar mazauna gidan, ya kawo mana wakilin wani kamfani. Muka taru a tsakar gida. Mutumin ya nuna mana hotunan sabuwar lifta mai aiki da kwamfuta, ba ƙara, ba girgiza, kuma da ta ji wata matsala sai ta kulle kanta don kada ta cutar da kowa. Tonton tambaya ɗaya ya yi, in ta kulle kan nata, wa zai buɗe ta. Wakilin ya ce ma'aikacin kamfani kaɗai, da na'urarsa, kuma ba ya wuce kwana ɗaya.

"In ma'aikacin ya tafi ƙauye binne kakarsa fa?"

Aka fashe da dariya. Karamoko ya ce tsoho dai tsoro yake kada a yi masa ritaya ta biyu. Da aka ce masu so su ɗaga hannu, ni ce ta uku. Na tuna ranar da na yi awa guda a cikin akwatin ƙarfen nan, da tsohon ciki, sai kawai na ga hannuna a sama.

Tonton bai riƙe kowa a zuciya ba. Ranar da aka buɗe sabuwar liftar ya shiga, ya kara kunnensa a jikinta tun daga ƙasa har sama, ya fito yana gyaɗa kai. Ya ce gaskiya ta fi tasa ladabi.

Wata goma muna jin daɗinta. Sai wata rana da damina aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, lifta ta tsaya a ƙasa da wata 'yar jar fitila tana ƙyaftawa. Da Karamoko ya buga waya ya tarar an sayar da kamfanin ga wani, sababbin masu shi kuma sun rage ma'aikata, mutum ɗaya ke kula da duk benayen yankinmu. Sai a kwana na huɗu ya zo, wani mai suna Lasina, mai natsuwa, idonsa duk gajiya. Tonton ya lallaba ya bi shi ɗakin injin. Ya gaya masa ba wani babban abu ba ne, ɗan abin da ke shaida wa inji cewa ƙofa ta rufu ne ya ƙone. Lasina ya ce mai yiwuwa haka ne, amma kwamfutar ba ta karɓar kayan da ba na kamfani ba, sai an aiko daga ƙasar waje, kuma sai babban ofis ya turo lambar buɗewa. Ya ce a ba shi zuwa Juma'a.

Tonton yana da ciwon zuciya, duk mako biyu likita ke duba shi. Saukar da ya yi ranar asibitin da ƙafarsa ya yi ta, awa guda muna tafiya muna hutawa. Hawan ne ya gagara, shi ya sa aka nemo kujera.

Washegari na kai masa koko, na zauna, na ce masa tunda ya san abin da ya lalace, ya yi mata dabara mana. Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce zai iya, wayoyi biyu ne zai haɗa ya yaudare ta. Amma daga nan za ta riƙa tafiya ba tare da ta san ko ƙofa a rufe take ko a buɗe ba.

"Yaran hawa na uku kullum a bakin ƙofar nan suke wasa," ya ce. "Na taɓa sauka ramin lifta na ɗauko mutum, Ahu. Sau ɗaya ya ishe ni."

Ban sake tayar da maganar ba.

Karamoko, wanda tun tsayawar liftar ba ya iya haɗa ido da mu, ya hawo da kansa yana haki. Ya ce akwai ɗakin da yake ajiye kayan shagonsa a ƙasa, zai kwashe su Tonton ya zauna har a gyara. Tonton ya ce zai yi tunani. Bayan Karamoko ya tafi sai Tonton ya tambaye ni me na gani. Na san ɗakin. Bangonsa yana tsatsafar ruwa, taga ɗaya, ga kwata a bayansa. Kuma saukar ma wahala ce. Na ce masa ai an sake cewa Juma'ar nan mai zuwa, kwana uku ne kacal, ya haƙura a ɗakinsa mai iska.

"To, yadda kika ce," in ji shi.

Wannan maganar ita ce har yau take hana ni sukuni. Ya tambaye ni ne don ya yarda da ni.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Aka ce kayan suna tashar jirgi, aka ce takarda ɗaya ta rage. Ranar asibitinsa ta zagayo ya ƙi sauka, ni na je na karɓo magani, likita yana ta faɗa cewa mara lafiya yake son gani, ba maƙwabciyarsa ba. Da yamma sai ya jawo kujera baranda yana leƙen abokansa a ƙasa suna dara kusa da mai suyar ayaba. In wani ya yi wasan banza sai ya buga masa waya daga sama ya ce ko akuya ba za ta yi wannan ba. 'Yarsa Selestin tana koyarwa can garin Buwake, kullum ya ce mata lafiya lau. Ya hana ni gaya mata, ni kuma na biye masa. Ƙafafun dai suna ta hawa, har silifa ta daina shiga.

Ran wata Talata da azahar na kai masa abinci na tarar da shi a bakin gado, ya dafa gwiwoyi, numfashi yana fita da ƙyar, leɓɓansa sun yi duhu. Motar asibiti ba ta daɗe ba. Amma gadon da suka hawo da shi ya ƙi juyawa a kwanar matakala. Aka sake ɗauko kujerar roba.

Ya buɗe ido ya dube ta. "Wannan kuma?"

"Na yau ne kawai, Tonton."

Bai yi musu ba. Ina riƙe da hannunsa muna sauka, ina ƙirga masa hawa-hawa, bakwai, shida, biyar. A hawa na huɗu ya matse yatsuna. A na uku sai ɗaya daga cikin masu ɗaukar ya ce a tsaya, nauyin ya canza. Suka kwantar da shi a kan siminti, ma'aikacin asibiti ya yi ta danna ƙirjinsa, ya yi, ya yi, sannan ya zauna a kan matakala ya cire safar hannunsa. Ƙofofi suka riƙa buɗewa. Wata mata ta kwance zanen goyonta ta lulluɓe shi. Karamoko ya jingina da bango yana salati a hankali.

Kwana tara bayan nan Lasina ya zo da wani ɗan kwali da bai fi sabulu girma ba. Ko rabin awa bai yi ba jar fitilar ta mutu. Ya hawo hawa na takwas a cikin liftar yana neman tsohon, ya ce yana so ya gaya masa abin da ya faɗa ɗin ne ya ƙone. Na gaya masa. Ya tsaya da kwalin a hannu, ya dubi rufaffiyar ƙofar, ya ce Allah ya ji ƙansa. Wayarsa ta yi ƙara, wani benen ke nemansa.

Bayan an kai Tonton ƙauyensu an binne, Selestin ta dawo kwashe kaya. Na gaya mata komai, har maganar ɗakin ƙasa. Ta ci gaba da naɗe rigunan babanta. Da aka gama loda mota sai ta tuna da barkonon da ya shuka a gwangwanin fenti a baranda, ta ce ba zai kai Buwake da rai ba, in ina so in ɗauka.

Ƙasar cikinsa ta bushe har ta tsage. Na ajiye shi a bakin tagar kicin na zuba masa ruwa kofi guda, na tsaya ina kallo har ya shanye.