Tabon Silin Mai Fenti

"Kai tela, siminti kake kwaɓawa ne? Ƙara ruwa!"

Mai fenti ne ke faɗa daga kan gado, muryar nan duk ta shaƙe. Tela maƙwabcinsa ya ƙara ruwa a bokitin. Shekara talatin mai fentin nan yana gyara ɗakunan mutane har warin fenti ya cinye masa huhu, ga shi yau kwance ƙarƙashin silin mai baƙin tabon yoyo, faɗin tire. Likita ya ce a mai da shi gida kawai. Amma shi abin da ya tsaya masa a rai, masu dubiya suna gaishe shi suna satar kallon sama.

"Kada in mutu ƙarƙashin abin kunyar nan," ya ce.

Fentin kanti kuwa warinsa kaɗai zai ƙarasa shi. Shi ya sa ya koya wa tela haɗin gida: farar ƙasa a tace da tsumma, jiƙaƙƙen ƙaro don ya kama, gishiri kaɗan, shuɗin wanki ɗan ƙyas.

Ya ƙi a fitar da shi, sai matarsa ta lulluɓe shi da zani. Tela ya hau benci ya yi ta shafawa, ruwan yana gangarowa har hammatarsa. Da ya sauko sai ya ɗaga kai. Silin ya yi toka-toka, tabon ma sai ya ƙara fitowa.

"Wallahi na ɓata, yaya."

"Sakarai!" Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Sai ya bushe yake fari. Ba shi kwana biyu."

Ina kwana biyun? Hadari ya haɗu, aka wuni ana yayyafi. Washegari da hantsi idon mai fenti ya dushe, ya lalubo hannun tela.

"Ya yi fari?"

Tela ya dubi sama. "Fari tas, yaya."

"Ƙarya kake. Ina jin danshinsa a hanci."

Bai kai azahar ba.

Sai ranar uku rana ta fito. Tela ya shiga ɗaukar bencinsa, ya tarar an fitar da gadon. Silin ya yi fari fat, ko alamar tabo babu. A ƙasa, ɗigon farar ƙasa ya zagaye inda gadon yake a da.